Yadda Ake Shiga Zauren Masoyan Harry Potter Ba Tare da An Yi Tuntuɓe Ba

Shekaru da dama ke nan, duk ranar 1 ga Satumba da hantsi, ɗaruruwan mutane kan cika harabar tashar jirgin ƙasa ta King's Cross da ke Landan, yara da manya, wasu sanye da baƙar alkyabba, wasu da mayafi mai launi biyu naɗe a wuya, suna ƙirga daƙiƙu tare har agogo ya buga ƙarfe 11. Jirgin da suke yi wa rakiya a cikin littafi yake, shi ne wanda ke kwasar ɗalibai zuwa makarantar koyon sihiri ta Hogwarts a farkon kowace shekarar karatu. A 2024 hukumar tashar ta daina sanar da tashinsa a lasifika domin kada a takura wa matafiya, amma hakan bai hana mutane zuwa ba.

Wannan taro reshe ne guda na wata babbar jama'a da ta ginu a kan littattafai bakwai na Harry Potter, waɗanda J.K. Rowling ta rubuta, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 600, aka kuma fassara su zuwa harsuna sama da 80. Jama'ar tana da kalmominta da ranakun bikinta, tana kuma da rigingimun cikin gida da suka haura shekara ashirin ba su mutu ba. Wanda ya faɗa cikinta kai tsaye ta wayar hannu yakan yi asara tun kafin ya ji daɗi, ko dai a tona masa ƙarshen labari bai kai ba, ko ya ci karo da rubutun da bai dace da shekarunsa ba, ko ya tsinci kansa a tsakiyar faɗan da bai san mafarinsa ba. Abin da na ga ya fi tsare mutum shi ne ya riƙe a ransa cewa littafin daban, masoyan daban, marubuciyar ma daban, ya kuma san su bisa wannan jeri. Bayanin nan na matashin da ke son shiga ne, da kuma uba ko uwa ko yaya da ke son riƙe hannun yaro yayin da yake shiga.

Littafin tukuna

Ka fara da littafi, ka jinkirta fim, ka ƙara jinkirta intanet. Kamfanin Bloomsbury ya fitar da na farko, Philosopher's Stone, ranar 26 ga Yuni, 1997, bayan kamfanonin ɗab'i 12 sun ƙi karɓarsa. Chamber of Secrets ya biyo baya a 1998, sai Prisoner of Azkaban a 1999, Goblet of Fire a 2000, Order of the Phoenix a 2003, Half-Blood Prince a 2005, sannan Deathly Hallows ya rufe ranar 21 ga Yuli, 2007. Dole ne a bi wannan jeri, domin Rowling takan binne ƙaramin abu a littafi na biyu, ba za a ga amfaninsa ba sai a na shida. Idan ka je saye ka lura cewa a Amurka an sauya wa na farko suna zuwa Sorcerer's Stone, littafi ɗaya ne, kada ka biya kuɗi sau biyu. Mai karatu a Nijar ko Kamaru ko Chadi zai fi samun fassarar Faransanci ta Jean-François Ménard, wadda kamfanin Gallimard ya buga, kuma ya kamata ya san cewa an sauya sunaye da yawa a cikinta: Hogwarts ta koma Poudlard, malam Snape ya koma Rogue. Idan bai san haka ba zai rikice ranar da ya fara hira da waɗanda suka karanta da Turanci. Akwai kuma fassarar Larabci da kamfanin Nahdet Misr na Masar ya fitar.

Littattafan suna girma tare da yaron da ke cikinsu. Harry yana da shekara 11 a na farko, 17 a na ƙarshe. Na farko shafi 223 ne a bugun Birtaniya, na biyar kuwa shafi 766. Daga na huɗu labarin yake yin duhu, mutuwa da azabtarwa da zalunci su shigo. Hukumar tace finafinai ta Birtaniya ma a nan ta ja layi, domin daga fim na huɗu ta ce yaron da bai kai shekara 12 ba sai da rakiyar babba zai shiga sinima. Shawarata ita ce ɗan shekara tara ko goma ya karanta ukun farko, a dakata masa har ya ƙara hankali, ko da kuwa zai yi ta naci.

Idan Turancin yaron bai yi ƙwari ba, ka karanta masa da baki, kana tsayawa kana fassarawa. Haka na yi wa 'yar yayata littafin farko, babi 17, bayan sallar isha'i, sau da yawa da fitilar waya idan an ɗauke wuta. Wurin da ta fara tsayar da ni shi ne inda aka ce mujiya ke kai wasiƙa. Ta zaro ido ta ce, "Kawu, mujiya fa ka ce? Wa zai karɓi saƙo daga hannun mujiya?" Daren nan ba mu ƙara ko shafi ɗaya ba, muka ɓige da maganar yadda tsuntsun da muke ƙyama a nan yake alamar hikima a wurin Turawa. Irin wannan tsayawar ita ce ribar karatun, kada ka yi gaggawar wuce ta. Wanda ke son jin lafazin sunayen daidai ya nemi karatun murya na Stephen Fry ko na Jim Dale. Sunan Hermione, ƙawar Harry, ya wahalar da masu karatu har sai da Rowling ta sa yarinyar ta koya wa wani yadda ake furta shi a cikin littafi na huɗu.

Finafinan takwas ne, daga 2001 zuwa 2011, domin an raba littafi na bakwai gida biyu. Ka kalli kowanne bayan ka gama littafinsa. An zubar da abubuwa da yawa a wajen ɗauka, kamar fatalwar nan mai tsokana, Peeves, wanda bai fito ko sau ɗaya ba, da gwagwarmayar da Hermione ta yi domin 'yancin ƙananan halittun da ke bauta a gidajen masu sihiri a littafi na huɗu. Tsofaffin masoya cikin minti biyar suke gane wanda fim kaɗai ya kalla.

Tambayar da iyaye za su yi

Labari ne na makarantar koyon sihiri, kuma babu amfanin a ɓoye wa iyaye wannan. Damuwar ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka, littattafan su ne suka zo na ɗaya a jerin waɗanda aka fi neman a cire daga ɗakunan karatu tsakanin 2000 da 2009, bisa ƙididdigar ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar, kuma akasarin masu ƙorafin iyaye Kiristoci ne. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana su a makarantu masu zaman kansu a 2002. A nawa ganin, sihirin da ke cikinsu ƙirƙira ce ta marubuciya, kalmomin da ake furtawa yawanci Latin ne da aka lanƙwasa, kuma matsayinsa bai wuce na Dodo da mayya da zoben buƙata a tatsuniyar da kakanninmu suka yi mana ba, wadda kowa ya san da an ce ƙurunƙus ta ƙare. Duk da haka ban yarda a raina uban da ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba. Hanyar da ta dace ita ce babba ya karanta babi uku ko huɗu da kansa, idan yana da shakka ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa, ya kuma faɗa wa yaron ƙarara cewa wannan ƙagaggen labari ne, sihiri na gaskiya kuwa addini ya haramta shi. Idan iyaye suka ce a'a, yaro ya haƙura har ya mallaki hankalin kansa. Karatu a ɓoye ƙarƙashin bargo ba ya haifar da ɗa mai ido a gida.

Wane gida kake?

Wannan ita ce tambayar farko da za a yi maka a kowane zaure na masoya. Wanda ya yi makarantar kwana a Najeriya ba zai sha wahalar gane tsarin ba, domin daga Ingila muka gaji raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da launinsa, ana gasar wasanni a tsakaninsu. A Hogwarts gidaje huɗu ne. Gryffindor na jarumai ne, alamarsa zaki, launinsa ja da ruwan zinariya. Hufflepuff na masu amana da haƙuri da aiki tuƙuru ne, launinsa rawaya da baƙi, alamarsa wata dabba 'yar uwar dage. Ravenclaw na masu kaifin basira ne, alamarsa gaggafa, launinsa shuɗi da ruwan tagulla, ko da yake a fim an mayar da tagullar azurfa, abin da har yau yake ɓata wa 'yan gidan rai. Slytherin na masu buri da dabara ne, alamarsa maciji, launinsa kore da ruwan azurfa.

Akwai gwajin tambayoyi kyauta a shafin hukuma, wanda aka buɗe wa kowa a 2012 da sunan Pottermore, ya koma Wizarding World a 2019, yanzu kuma yake ɗauke da sunan Harry Potter kansa. Shi kaɗai za ka yi, ka guji ɗimbin gwaje-gwajen jabu da ke neman lambar waya ko kuɗi kafin su ba da sakamako. Ka amsa bisa halinka na gaskiya, domin wanda ya karkata amsoshinsa don ya faɗa Gryffindor kansa ya cuta. Kada kuma ka yi wa ɗan Slytherin kallon mugu ko ɗan Hufflepuff kallon rago. Tsoffin barkwanci ne da masoya suka gaji da ji.

Kada ka riga malam masallaci

Babu laifin da jama'ar nan ta fi ƙi kamar tona wa mutum abin da bai kai ba, kuma dalilin yana cikin tarihinta. A shekarun da littattafan ke fitowa, shagunan littattafai kan buɗe da ƙarfe 12 na dare, mutane su yi dogon layi cikin shigar Hogwarts, kowa ya koma gida ya kwana karatu. Littafi na bakwai ya sayar da kwafi kusan miliyan 11 cikin awa 24 a Birtaniya da Amurka. Tsaron sirrin ya kai ga cewa a 2005, da wani kanti a Kanada ya yi kuskuren sayar da 'yan kwafin littafi na shida kafin ranar fitowarsa, kotu ta hana waɗanda suka saya bayyana abin da ke ciki. A wannan shekarar ce kuma wasu marasa kirki suka riƙa bi ta gaban layukan suna ƙwala ƙarshen labarin da ƙarfi. Ni ma an yi mini makamancin haka: ina tsakiyar na shida wani abokin karatuna ya leƙo, ya ga bangon, ya faɗi kalma uku ya wuce yana dariya. Na ƙarasa littafin, amma daɗin da ya ƙwace mini bai dawo ba, kuma har gobe ina jin zafin abin.

Saboda haka, kafin ka buɗe baki a gaban wanda ba ka sani ba, ka tambaye shi a wane littafi yake. Idan rubutu kake yi a dandali, ka sa gargaɗi a sama, ka bar tazara kafin maganar. Kada ka ce ai littattafan sun tsufa, kowa ya sani. Kullum ana haifar sababbin masu karatu, kuma shirin talabijin da HBO ke yi daga littattafan, wanda ɗan wasa Paapa Essiedu, ɗan Birtaniya mai asali da Ghana, zai fito a matsayin Snape, zai ƙara janyo wasu. Kai kuma sabon shiga, ka tsare kanka: kada ka rubuta sunan kowane ɗan labarin a Google, domin tun kafin ka gama bugawa zai cika maka da kalmar mutuwa, ka guji bidiyoyin YouTube da TikTok, domin hoton da ke kansu ma ya isa ya ɓata maka, ranar 2 ga Mayu kuwa ka kauce wa dandalin masoya gaba ɗaya, domin ita ce ranar da suke tuna babban yaƙin ƙarshe suna jera sunayen waɗanda suka rasu.

Kalmomi kaɗan za su ishe ka fara hira. Muggle shi ne mutumin da ba shi da sihiri, kuma kalmar ta shiga ƙamus na Oxford a 2003. Potterhead shi ne wanda son labarin ya kama shi sosai. Canon shi ne abin da ya tabbata a cikin labarin, headcanon kuwa abin da mai karatu ya raya a ransa ba tare da hujja daga littafi ba. Shipping shi ne fatan a haɗa wane da wance, kuma a kan wannan aka yi gumurzu mafi zafi kafin fitowar littafi na shida, har abota ta mutu a kan wa zai auri wa.

Iyakar abin da ya tabbata ita kanta abin jayayya ce. Kowa ya yarda da littattafai bakwai. Yawanci sun yarda da ƙananan littattafai uku da Rowling ta rubuta domin tallafa wa ayyukan jinƙai, biyu a 2001, ɗaya a 2008. Wasan kwaikwayon dandamali na Cursed Child, wanda aka buɗe a Landan a Yulin 2016, Jack Thorne ne ya rubuta shi bisa labarin da suka tsara da Rowling da John Tiffany, kuma masoya da yawa ba sa ƙirga shi, don haka kada ka saye shi da zaton littafi na takwas ne irin na baya. Sai kuma bayanan da marubuciyar ta riƙa ƙarawa daga baya. Wanda ya fi shafarmu shi ne na 2016, lokacin da ta ce akwai makarantar sihiri mai suna Uagadou a Afirka. Masu karatu 'yan Afirka suka ce mata Afirka nahiya ce, ba ƙasa ba, sai ta fayyace cewa a Yuganda take. Idan ana musu, ka faɗi daga inda ka ɗauko hujjarka, littafi ne ko fim ko maganar marubuciya, rabin faɗan zai mutu nan take.

Labaran da masoya ke rubutawa

Wannan shi ne sashen da ya fi ko'ina albarka, shi ne kuma ya fi buƙatar idon babba. Masoya kan ɗauki mutanen labarin su ƙaga musu sababbin al'amura, kuma a shafin FanFiction.net kaɗai, wanda aka kafa a 1998, akwai irin waɗannan labarai na Harry Potter sama da 800,000. Ɗaya babban rumbun shi ne Archive of Our Own, wanda aka buɗe a 2009, masoya ne ke tafiyar da shi ba don riba ba, har ya ci kyautar Hugo ta ƙagaggun labarai a 2019. Akwai rubutu mai kyau ƙwarai a ciki, akwai kuma na batsa da na tashin hankali da manya suka rubuta domin manya. Kowane labari yana ɗauke da alamar shekaru da gargaɗi a samansa, don haka abu na farko da za ka koya shi ne amfani da matacin shafin. A Archive of Our Own ka zaɓi General Audiences, ka cire Mature da Explicit da waɗanda ba a sa musu alama ba, a FanFiction.net ka tsaya a K da K+. Shafukan ba sa karɓar rajistar wanda bai kai shekara 13 ba, ni kuwa ba zan bar ko ɗan 15 ya yi yawo a cikinsu shi kaɗai ba. Babba ya zaɓo labarin, ya karanta, sannan ya miƙa.

Idan kai ne ke son rubutawa, ina ƙarfafa maka gwiwa, kuma babu abin da ya hana ka yi da Hausa. Ka fara da gajere, ka ɗauki ɗan labarin da ba a ba shi fili ba, ko ka tambayi kanka yadda yaro daga Katsina ko Damagaram zai ji ranar da wasiƙar Uagadou ta iso masa, da abin da kakarsa za ta ce. Babban sharaɗin da ba a ƙetarewa shi ne: ba a sayarwa. Tun 2004 Rowling ta sanar ta bakin wakilinta cewa ba ta ƙin irin wannan rubutu muddin ba na kasuwanci ba ne kuma ba na batsa ba. Darasin yana cikin abin da ya sami Steve Vander Ark, mai shafin Harry Potter Lexicon, wanda ita da kanta ta taɓa yabawa. Da wani ƙaramin kamfani ya so buga shafin ya zama littafin sayarwa, ita da Warner Bros., kamfanin da ya yi finafinan, suka kai ƙara, kotu a New York ta hana bugawar a 2008, sai da aka sake rubuta shi sannan ya fito a 2009. Marubutanmu da suka saba sayar da labari babi-babi a WhatsApp su lura da wannan sosai. Kada kuma ka kwashe rubutu ko zanen wani masoyi ka liƙa ba tare da sunansa da izininsa ba.

Marubuciyar

Rowling, wadda aka haifa ranar 31 ga Yuli, 1965, ranar da ta bai wa Harry a matsayin ranar haihuwarsa, ta daɗe tana zaman abar ƙauna a wurin masoya. Sun san labarin yadda tunanin ya zo mata a jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Landan a 1990, da yadda ta rubuta littafin farko a Edinburgh tana renon jaririya ita kaɗai cikin rashi. Daga ƙarshen 2019, musamman a Yunin 2020, ta fara bayyana ra'ayinta kan batun masu sauya jinsi, tana cewa jinsin da aka haifi mutum da shi ne ya kamata doka ta duba a wuraren da aka keɓe wa mata. Jama'ar ta dare biyu. Daniel Radcliffe da Emma Watson da Rupert Grint, taurarin finafinan, suka fito suka saɓa mata; manyan shafukan masoya biyu, MuggleNet da The Leaky Cauldron, suka sanar da nesanta kansu da ita; wasu kuma suka ƙara riƙe ta, suna ganin ta yi jarumta. An yi kiran ƙaurace wa wasan kwamfuta na Hogwarts Legacy a 2023, duk da haka ya zama wanda aka fi saya a Amurka a shekarar.

Dole ne ka san wannan kafin ka shiga, domin kalma ɗaya a kan marubuciyar tana iya tayar da gobara a zauren da kake baƙo. Ka karanta dokokin kowane dandali kafin ka yi magana. Wasu sun hana ambaton batun kwata-kwata, wasu sun ɗauki ɓangare. Ba dole ba ne ka bayyana matsayinka don wani ya matsa maka, idan kuma za ka faɗa, ka faɗa da ladabi, ba zagi, ba cin mutunci. Littattafai bakwai ɗin ba su taɓo wannan batu ba, saboda haka yaro ƙarami ba ya buƙatar a jefa shi cikinsa. Iyaye su kuma sani cewa ba duk abin da ke ɗauke da sunanta ne na yara ba: littafinta na 2012 da jerin labaran binciken kisa da take fitarwa da sunan Robert Galbraith na manya ne.

Ziyara da saye-saye

Wanda Allah ya nufa da zuwa Birtaniya zai iya fara da abin da ba a biya. A King's Cross akwai keken kaya da aka dasa rabinsa a bango, ƙarƙashin allon dandamali na 9¾, wurin da jirgin Hogwarts ke tashi a labarin, inda ake ɗaukar hoto. Ka je da sassafe, domin da rana layin yakan yi tsawo. Wurin da aka ɗauki finafinan yana Leavesden, kusa da Watford, an buɗe shi ga maziyarta a 2012, kuma ba a sayar da tikiti a ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka saya ta intanet makonni kafin ka tashi. A Edinburgh akwai otal ɗin Balmoral, inda ta kammala littafi na bakwai a ɗaki mai lamba 552 a Janairun 2007, da maƙabartar Greyfriars, inda masoya ke neman kabarin wani Thomas Riddell, saboda sunansa ya yi kama da na wani ɗan labarin. Ka tuna cewa maƙabarta ce ta mutanen gaske. Ka kuma yi hattara da masu jan baƙi, domin a 2020 Rowling ta ƙaryata wurare da dama da ke iƙirarin a can labarin ya samo asali, har da wani shahararren shagon littattafai a birnin Porto na Portugal da ta ce ba ta taɓa shiga ba. A gaɓar tekun Freshwater West da ke Wales, inda aka ɗauki jana'izar wani da ba zan ambata ba, hukumar da ke kula da wurin ta roƙi masoya a 2022 su daina barin tarkace da duwatsu masu fenti saboda suna cutar da halittun ruwa. Ka ɗauki hoto ka bar wurin yadda ka same shi.

A wajen saye, kuɗinka ya fara tafiya kan littafi mai kyau. Kwafin 'yan satar fasaha yana da araha, amma sau da yawa shafuka sun ɓace ko tawada ta dusashe, don haka ka buɗe tsakiya da ƙarshe kafin ka biya. Tsohon kwafi na asali daga masu sayar da littattafan gwanjo ya fi shi. Idan wani ya ce yana da bugun farko, ka san cewa kwafi 500 kacal aka buga masu kaurin bango, ɗaya daga ciki an sayar da shi dala 471,000 a 2021, kuma ana gane su da alamomi sanannu, kamar maimaita sandar sihiri sau biyu a jerin kayan makaranta da ke shafi na 53. Da wuya irinsa ya zo maka ta saƙon waya. Alkyabba kuwa telan unguwa zai ɗinka maka ita da yadi baƙi.

Idan babu masoya kusa da kai, ka tara su da kanka. Wasan Quidditch, wanda a labarin ake bugawa a sama bisa tsintsiya mai tashi, na zahirinsa ma haka ya fara, ɗalibai ne a kwalejin Middlebury da ke Amurka suka saƙala tsintsiya tsakanin ƙafafu a 2005, mutum bakwai a kowane ɓangare, har ya bazu ƙasashe da dama kafin a sauya masa suna zuwa quadball a 2022. Kai mutum biyar ko shida sun isa, da kwafi ɗaya ko biyu da za su riƙa zagayawa, da ɗan littafin rajista da za a rubuta wanda ya ara da ranar da zai dawo da shi. Ku yanke babin da za a tsaya kowane mako, wanda ya zarce ya kame bakinsa har sauran su iso. Idan akwai yara a ciki, a zauna a gidan da iyaye suka sani, a kuma tashi kafin magariba.